In sayar da kekunan ɗinkina in tafi aikin Ubangiji?

Baba, ina gaishe ka cikin sunan Yesu Almasihu. Ni tela ne a nan Maradi, shekaruna 39. Ina da mata da ƴaƴa huɗu, ga tsohuwata a ƙauye wajen Tibiri, ni nake aika mata hatsi da kuɗin magani. Shekara 16 ke nan ina kan keke. Shagon na haya ne, akwai kekuna uku da injin aiki ɗaya, da yara uku masu koyo.

A watan jiya an yi taron farkawa na kwana uku a majami'armu. Baƙon mai wa'azi ya karanta inda Bitrus da Andarawas suka bar tarunansu suka bi Yesu, ya ce akwai wani a nan da Allah ke kira amma taru ya ɗaure masa ƙafa. Baba, sai na ji kamar da ni kaɗai yake. Na yi kuka sosai. Tun ranar, in na zauna kan keke sai in ga ina zubar da kwanakina ne. Me zan nuna wa Ubangiji ranar ƙarshe? Wuyan riga da aljihu?

Sana'ar kuma ta cinye ni. Daga kamawar azumi har Sallah ba na ganin sujada, Lahadi ma ɗinki muke, wani lokaci har asuba. Nakan karɓi kayan da na san ba zan gama ba saboda kafin alƙalami, in yi ta ce wa mutane gobe. In na hango mai kaya sai in shige ciki in sa yaro ya ce na fita. Addu'ar iyali ta mutu a gidana. Ga bashin hayar wata huɗu, ga na mai zare.

Na ƙudura in sayar da kekunan in biya bashi, in tafi makarantar Littafi Mai Tsarki in zama mai bishara. Da na gaya wa maiɗakina sai ta ce, "Allahn da ya kira ka, ya faɗa maka abin da yara za su ci?" Kwana biyu ba ta yi mini magana ba. Fastonmu ya ce in ci gaba da addu'a, bai ƙara komai ba. Ina tsoron in zama Yunusa. Shin Shaiɗan ne ke tare ni ta bakin matata, ko ni ne ban gane ba?

Wani tela, Maradi

Ɗana, na karanta wasiƙarka har sau uku. Kafin komai bari in cire maka ƙaya ɗaya daga ƙafa: ba Shaiɗan ba ne ya yi magana ta bakin maiɗakinka. Fitar da wannan tunani daga ranka yau ɗin nan, kada ma ka bari ta san ya taɓa zuwa maka. Macen da za ta ji miji zai sayar da tukunyar da ake yi wa yara tuwo ta yi shiru, ita ce abin tsoro. Zan dawo kan maganarta.

Kukan da ka yi a majami'a ban raina shi ba. Mutum mai shekara 39 ba ya zubar da hawaye gaban jama'a a banza, ruwa ba ya tsami banza. Na yarda Allah ya taɓa ka a wannan dare. Abin da ban yarda da shi ba tukuna shi ne fassarar da ka yi wa taɓawar. Ka ji an ce "taru", ka waiga, ka ga keke. Amma duba wasiƙarka da kyau. Ba ka rubuto mini cewa keken ɗinki ya taɓa sa ka zunubi ba. Abin da ka lissafa shi ne karɓar kayan da ka san ba za ka gama ba, ɓuya, sa yaro ƙarya, da barin addu'a. Mai yiwuwa tarun da ya ɗaure maka ƙafa da waɗannan zarurruka aka saƙa shi.

Mai wa'azin nan bai faɗi ƙarya ba, amma rabin labari ya ba ku, kuma baƙo ne, ya yi kwana ukunsa ya hau mota. Bai san tsohuwarka ba, bai san mai gidan da kake haya ba. Ka buɗe Markus 1:20 ka ga abin da aka ce game da Yakubu da Yahaya: sun bar ubansu Zabadi a cikin jirgi tare da ma'aikata. Tsohon bai zauna hannu rabbana ba, sana'ar gidan ta ci gaba da tafiya. Sannan ka ƙara gaba zuwa sura ta 5. Mutumin da aka fitar wa aljanu a ƙasar Garasinawa ya roƙi Yesu ya bar shi ya bi shi, roƙo na gaske, Yesu ya hana shi, ya ce ya koma gida wurin mutanensa ya ba su labarin abin da Ubangiji ya yi masa. Baki ɗaya ne ya ce wa wani "bi ni", ya ce wa wani "koma gida". Da masu karɓar haraji da sojoji suka tambayi Yahaya Mai Baftisma abin da za su yi, a Luka 3, bai ce su ajiye aiki ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa na biyu kada su yi ƙwace, su ƙoshi da albashinsu. Da tela ya je wurinsa, kana tsammani me zai ji?

Tambayarka da ta fi sosa mini rai ita ce ta wuyan riga da aljihu. Ɗana, wa ya koya mana cewa aiki kashi biyu ne, na Allah a kan mumbari, na duniya a kasuwa? Tun kafin zunubi ya shigo, an sa Adamu a gonar Adnin ya noma ta ya kiyaye ta. Bayan faɗuwa kuwa, da shi da matarsa suka harhaɗa ganye suka rufe jikinsu, Farawa 3:21 ta ce Ubangiji Allah da kansa ya yi musu tufafi na fata ya suturta su. Ka je ka yi tunanin wanda ya riga ka shiga wannan sana'a. A Littafin Fitowa, Bezalel da aka ce an cika shi da Ruhun Allah, ba don wa'azi aka cika shi ba, don aikin zinariya da azurfa da sassaƙa ne. Abokin aikinsa Oholiyab gwanin ado ne da zare shuɗi da shunayya da ja, wato irin abin da injin aikinka ke yi a wuyan shadda. Tabita ta mutu a Yafa, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, me suka ɗaga suka nuna masa? Riguna da tufafin da ta ɗinka musu. Ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba. Bulus ya yi shekara ɗaya da wata shida a Koranti, ya sauka gidan Akila da Bilkisu don sana'arsu ɗaya, ɗinkin alfarwa, yana aiki da hannu, ranar Asabar yana koyarwa. Shi Ubangijinmu, mutanen garinsu da "masassaƙin nan" suka san shi, sai da ya kai wajen shekara 30 ya fara hidima a fili. A 1520 Martin Luta, jagoran gyaran ikkilisiya, ya rubuta wa Jamusawa cewa baduku da maƙeri da manomi kowa da aikinsa da muƙaminsa, kuma dukansu firistoci ne a gaban Allah. Shekara 500 ke nan, har yanzu muna fama da maganar.

Mu nan Maradi ma ba sai mun je nesa ba. Ka tambayi tsofaffi a ƙauyukan Gulbi inda suka fara sanin Kirista. Da yawa za su ce maka a Danja, inda ake jinyar kutare, ko a Galmi, inda aka buɗe asibiti tun 1950. Mai wanke miki suka fara gani kafin su ji mai wa'azi. Kuma ka san labarin Toni Rinaudo, mutumin Ostiraliya da mishan ɗin SIM ta kawo nan a 1981. Noma ya karanta. Ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa, har a 1983 ya lura cewa ƴan tsire-tsiren da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan manyan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai ya shiga nuna wa mutane su zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi su bari, su datse sauran. Da fari dariya aka yi masa. Yunwar 1984 ta sa aka saurara, manoman jihohin Maradi da Damagaram suka karɓi abin suka yaɗa shi da kansu, gona zuwa gona, har masu bincike suka ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa. A 2018 aka ba shi babbar lambar yabo a ƙasar Suwidin. In ka bi hanyar Agiye ka ga gawo da kalgo tsaye cikin gero, ka tambayi kanka ko wannan aikin Allah ne ko na duniya. Na kawo maka labarin don wani dalili kuma: abin da yake nema yana ƙarƙashin ƙafarsa tun farko, shekara biyu yana taka shi bai gani ba.

Yanzu bari in faɗa maka magana mai ɗaci, don da Baba ka kira ni. Ka ce kana so ka zama mai bishara. Ka karanta 1 Timoti 3, inda Bulus ya lissafa abin da ake nema ga mai kula da ikkilisiya. Akwai cewa ya iya riƙon gidansa. Akwai kuma, a aya ta 7, cewa ya kasance da kyakkyawar shaida daga waɗanda suke waje. Su wa ne na waje a Maradi? Ƙidayar 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin ɗari na mutanen Nijar Musulmi ne. Na wajenka su ne alhajin da ya kawo maka gezna tun farkon azumi, da hajiyar da ta aiko da atamfar ƴaƴanta, da mai zare, da mai gidan haya. Yawancinsu ba za su taɓa taka majami'a ba har su koma ga Mahaliccinsu. Fastonka ba ya ganinsu, kai kuwa kana auna kafaɗarsu da hannunka. Abin da suka sani game da Almasihu, wani ɓangarensa daga shagonka suka samo shi. To, in yau dattawan ikkilisiya suka bi layinku suna tambaya, "Yaya telan nan Kirista yake?", me za su ji? In amsar ita ce "hannunsa na da kyau, amma gobensa ba ta zuwa", ka ga makaranta ba za ta wanke wannan ba. Mutumin da ya ɓuya a bayan labule don mai kaya, in ya je ƙauye zai ɓuya don wani abu dabam. Ba wai ina hana ka tafiya ba ne. Hanyar makarantar ce ta bi ta cikin shagonka, babu wata.

Akwai tambayar da nake so ka yi wa kanka kai kaɗai, da dare, ba sai ka gaya wa kowa amsar ba. Da babu bashi, da shagon na kawo riba, da kana barci isasshe, za ka so tafiyar nan kamar yadda kake so yanzu? Ba don in zarge ka na tambaya ba. Masu sana'a a garin nan sun sha wuya. Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 har ƙarshen 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, har wutar da ke zuwa mana daga can aka yanke. Garin da numfashinsa ke bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya, dole kowa ya ji a jikinsa, tun daga mai yadi har mai maɓalli. Gajiya da bashi sukan sa kowace ƙofa ta yi kama da ƙofar sama. Annabi Iliya ma da ya gaji ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin itace, abin da aka fara ba shi barci ne da abinci, magana ta biyo baya. Ka ce kana tsoron zama Yunusa. Ka tuna Yunusa jirgi ya hau ya bar mutanen da aka aike shi wurinsu. Ka tabbata ka san wane ne Nineba a labarinka kafin ka biya kuɗin mota.

Mu dawo kan maiɗakinka. Ka je mata da shawarar da ka riga ka yanke, ka ajiye a gabanta kamar an kawo sammaci. Ita ce za ta fuskanci murhu da safe, ita malaman makaranta za su aiko wa yara gida in ba a biya ba. Tambayarta ta yi kaifi, amma tambaya ce ta Littafi: Yesu da kansa ya ce wanda zai gina hasumiya ya fara zama ya yi lissafi. Kuma matar mai bishara a ƙauye rabin aikin a kanta yake, ita ke tarbar baƙi, ita ke jan zumuntar mata, ita ke surfe da hatsin da bai isa ba. Bulus ya ambata a 1 Korintiyawa 9:5 cewa Bitrus da matarsa yake yawo. Kiran da bai iso kunnen matarka ba, bai gama isowa ba. Ka ba ta haƙuri a kan yadda ka kawo maganar, ba a kan abin da ka ji a ranka ba. Ka zauna ka buɗe mata lissafin shago duka, har bashin da watakila ba ta san yawansa ba. Matan ƙasar nan sun san kuɗi fiye da yadda muke zato. Asusun Mata Masu Dubara da ƙasashe da yawa suka kwaikwaya, a jiharmu aka fara shi a 1991. Kada ka yi mamaki in ta fi ka sanin inda jikkunanka ke zurarewa.

Tsohuwa kuwa maganarta gajeriya ce. A Markus 7 Yesu ya tsawata wa masu cewa abin da ya kamata su taimaki iyaye da shi sun keɓe wa Allah. Duk shirin da bai tanadi hatsinta da maganinta ba, ba shiri ba ne.

To, me za ka yi? Kada ka sayar da komai a wannan shekara, sai dai in bashi ya kai maka wuya, ka sayar da keke ɗaya, wanda ya fi tsufa. Ka je wurin mai gida da mai zare da ƙafarka tun ba su zo ba, ka ce musu ga abin da zan iya bayarwa kowane wata, ka faɗi adadin da ka tabbata za ka iya ko da kaɗan ne, ka cika. Mai bin bashi ya fi jin haushin ɓuya a kan jinkiri.

Sannan ka sayi littafi, ka rubuta kowane kaya da sunan mai shi da ranar karɓa da kafin alƙalamin da ya bayar. Ka yi lissafin ƙarfin shagonka da gaskiya. Azumi kwana 29 ne ko 30. Cire Lahadi huɗu, ka ƙara cire kwana biyu ko uku don ɗauke wuta da lalacewar inji. In kai da yaranka kuna gama kaya huɗu a rana ba tare da kwana zaune ba, wajen 90 ke nan. Na 91 ba rabonka ba ne. Ka ce wa mai shi, "Alhaji, in na karɓa zan ba ka kunya ranar Idi, ga wane a layin baya, hannunsa na da kyau." Na san abin da za ka ce: a watan nan ake samun na shekara, wa ke korar kuɗi? Gaskiya ne, za ka yi asara a karon farko, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka san yadda mutanen garin nan suke da telan da ya cika alkawari. Ba ya bukatar allo a ƙofar shago, a wurin ɗaurin aure da suna ake yi masa talla. Ni kaina akwai shaddata wurin wani tela tun Kirsimetin bara, har na daina bi ta layin don kada in sa shi ƙarin zunubi. Da zan ji labarin telan da Talatarsa Talata ce, da sassafe zan isa. Irin wannan tela zai iya ƙara kuɗin ɗinki kaɗan, ba mai gunaguni.

Lahadi ka rufe. Ka faɗa wa masu kaya tun ranar da suka kawo, ba ranar da suka zo karɓa ba. Maƙwabtanmu Musulmi suna rufe shago su tafi Juma'a, sun san darajar mai girmama ibadarsa, sau da yawa sun fi raina wanda ya yi wasa da tasa. Addu'ar iyali kuma kada ka ɗora mata nauyin da zai sake kashe ta. Minti goma kafin yara su tafi makaranta, zabura ɗaya, waƙa ɗaya, ya isa a fara.

Yaran shagon nan uku su ne suka fi tsaya mini a rai, domin kai kana mafarkin almajirai a ƙauye mai nisa, ga uku Allah ya zaunar maka a gabanka tun safe har dare. Me suka koya zuwa yanzu? Guga, sa maɓalli, da "maigida ya fita". Ka tara su ka ce ka yi kuskure da ka sa su ƙarya, daga yau an daina. Zai yi maka nauyi, amma ba wa'azin da za ka taɓa yi da zai zauna a ransu kamar wannan. Ka koya musu yanka. Kai ma ka san masu gida da yawa sukan riƙe almakashi shekara da shekaru don kada yaro ya tashi. Ka sa wa kowannensu lokacin yaye, ka tabbata suna cin abinci, in aikin Sallah ya kawo kuɗi su ma su ji a aljihunsu. In akwai Musulmi a cikinsu, lokacin salla ka sallame shi da sakin fuska, kada ka mai da koyon sana'a tarkon addini, amanar iyayensa ce a hannunka. Haka masu kaya: in an tambaye ka dalilin halinka, ka amsa da tawali'u da ladabi yadda Bitrus ya ce a wasiƙarsa ta fari, in ba a tambaya ba, ɗinkin ya yi magana. Ragowar yadi kuma, ban ce kana riƙewa ba, amma in ya kai a yi wa yaro hula ko ƴar riga, ka naɗe shi cikin kayan. Ranar da hajiya ta buɗe leda ta ga ƙyallenta ya dawo, unguwa za ta ji.

In kana son hannunka ya taɓa hidima kai tsaye, kafin Kirsimeti ka tambayi shugabar zumuntar mata sunayen gwauraye biyu ko marayu uku, ka ɗinka musu ba tare da an yi shela ba.

Fastonka bai kyauta ba da ya bar ka da kalma ɗaya, amma ina jin na san dalilinsa. Duk fasto ya ga mutanen da suka tashi da wuta bayan taron farkawa, damina ɗaya ta kashe ta. Jira yake ya gani. Ka koma wurinsa, wannan karo da roƙo takamaimai. Ka ce ya ba ka aiki a ƙarƙashin idonsa na shekara guda: ajin yara ranar Lahadi, ko raka mai bishara ƙauye sau ɗaya a wata, ko karanta wa tsofaffin da idonsu ya raunana Littafi a gidajensu. Ka ce shi da dattawa su gaya maka gaskiya a ƙarshe, ko kana da baiwar koyarwa ko babu. A Antakiya, Barnaba da Shawulu, wato Bulus, ba su naɗa kansu ba, suna cikin hidima ne aka ce wa ikkilisiya ta keɓe su, ta yi azumi da addu'a, ta ɗora musu hannu ta sallame su. Ka tambaye shi kuma ko akwai karatun da ake yi na ƴan makonni da rani, ko na yamma, wanda ba sai ka tashi da iyali ba. Wani abu guda: kai da maiɗakinka ku je ku kwana biyu gidan wani mai bishara a ƙauye, ku ga rumbunsa, ku tambayi matarsa yadda ake kai watan Agusta. Za ku tarar yawancinsu da gona suke riƙe da kansu. Gani ya kori ji.

In shekara ta zagayo, bashi ya ragu, wutar nan tana nan ba ta mutu ba, dattawa sun ce sun gani, maiɗakinka ta ce mu je, to ka tafi da albarkata, zan fi kowa murna. Ko a lokacin ma kada ka sayar. Ka damƙa shagon ga babban yaronka da yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, abin da zai riƙa bayarwa ya tafi ga tsohuwa da makarantar yara. Keken ƙafa ɗaya kuwa ka ɗaure shi a saman mota ka tafi da shi. Mai bisharar da ya iya ɗinki ba ya zama kaya a wuyan ƙaramar ikkilisiya, kuma a ƙauyen da ba a san shi ba, mutane za su zo da yagaggen wando tun kafin su zo da tambaya. Bulus ma da taimako ya iso daga Makidoniya ya ba da kansa ga wa'azi ɗungum, da babu kuma ya koma kan allura, bai ga ɗayan ya ƙasƙantar da shi ba.

In kuma shekarar ta nuna wurinka shago ne, kada ka ɗauka ka faɗi jarrabawa ko an ba ka na baya. Ikkilisiyoyinmu na bukatar dattijon da kasuwa ta yarda da maganarsa, kuma irinsu ba su yi mana yawa ba.

Ka fara da maiɗakinka a daren yau, mai gidan haya kafin ƙarshen mako, fasto ranar Lahadi bayan sujada. Bayan Sallar Layya ka sake rubuto mini: kaya nawa ka karɓa, nawa ka mayar, wane yaro ya fara riƙe almakashi, da abin da uwar ƴaƴanka take cewa yanzu. Ka gaishe ta, ka gaida tsohuwa in ka je Tibiri. In littafin nan ya yi aiki, ka aiko mini da kwatancen shagon, zan je in karɓo shaddata in kawo maka.